HAUSAR JARIDA DA HAUSAR GIDA

Wannan lacca ce da aka yi wa 'yan jam'iyya a zaurenta da dare. Mun rubuta ta kamar yadda mai ita ya faɗa, domin waɗanda ba su sami halarta ba.

  Na gode da kuka ba ni wurin tsayawa, alhali kuwa ga waɗanda suka fi ni sani a zaune. Bayan haka, abin da aka ce in yi magana a kansa shi ne alfaharin da muke yi da sunan Arewa, da yadda yake bayyana cikin labarun da muke ji kullum, da irin harshen da ake ba mu labarun da shi. Na kwana na tashi ina juya zancen, na ga ba ni da ƙofar shiga sai ta labarin wani yaro.

Shekarun baya, sa'ad da nake koyarwa a wata makarantar kwana, aka kawo mana yaro daga ƙasar Sakkwato, ɗan shekara 13, mai kaifin basira, ga shi da baki. Ran nan suka makara shi da abokinsa, na tambaye shi dalili a gaban aji. Ya miƙe da ladabi ya ce, "Malam, muna tahowa ruwa yat tare mu, munka laɓe ga wata runhwa." Kafin ya rufe baki aji ya kwashe da dariya, har da masu bugun tebur. Ni kuwa da ya kamata in tsawata, Allah Ya gafarta mini, sai na yi murmushi. Daga ran nan suka sa masa suna Munka. Yaron da ba ya barin tambaya ta faɗi ƙasa sai ya koma kurum, wata uku ba ka jin bakinsa sai an matsa masa. Da ya sake buɗe baki, Hausar ajinmu ce ta fito tsaf, sai ka rantse bai taɓa shan ruwan Rima ba. A lokacin har murna na yi, na ce yaro ya waye. Ana nan sai ranar ziyara mahaifinsa ya zo, dattijo da rawaninsa, ya zauna gindin darbejiya yana yi masa zance da murya sake irin ta mutanen gida. Ina wucewa na ji yaron yana ce masa a hankali, "Baba, rage murya, suna jinka."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Gama Hausar da muka yi wa dariya ita ce wadda ke cikin waƙoƙin wa'azi da zuriyar Shehu suka bar mana, kamar na Nana Asma'u da ƙanenta Isa. Duk wanda ya buɗe su zai tarar da munka da sunka da anka a kowane shafi. Sardauna Ahmadu Bello kuwa, wanda hotonsa ke rataye bisa allon ajin nan namu, a Raba aka haife shi, cikin masu wannan harshe ya buɗe ido. Muna rataye da hoton mutum don alfahari, muna kuma yi wa harshen garinsu ba'a. Daga nan na fara tambayar kaina, shin wannan Arewa da muke taƙama da ita daga ina ta fito, wa kuma ya zaɓa mata bakin da za ta yi magana da shi?

To, jama'a, ku sani kafin zuwan Turawa ba a san mutum ya ce shi ɗan Arewa ne da irin ma'anar da muke nufi yau ba. Kadan ka tambayi fatake a zango, sai wannan ya ce Bakano ne, wancan Bakatsine, wancan Bagobiri, ko Bazamfare, ko Bakabe, ko Bazazzagi. Kowa da kirarin garinsu: Kano ta Dabo tumbin giwa, Katsina ɗakin kara, Sakkwato birnin Shehu, Bauchin Yakubu. Arewa kuwa jiha ce daga jihohi huɗu, ƙanwar kudu da gabas da yamma. Mutane ɗaya ne suke da sunan a gargajiye, watau Arawa, mutanen Dogon Dutsi da Matankari da Lugu, garin Sarauniyar da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899. Yawancin ƙasarsu yau tana cikin Jamhuriyar Nijar, ragowar tana cikin Kabi, inda har gobe akwai ƙaramar hukumar Arewa mai hedkwata a Kangiwa. Watau masu sunan na asali, mafi yawansu ba sa cikin Arewar da jarida ke nufi.

Arewar jarida ranar 1 ga Janairu 1900 aka raɗa mata suna a Lakwaja, sa'ad da Lugga ya sauke tutar kamfani ya ɗaga ta Ingila, ya ce ƙasar nan sunanta Nijeriya ta Arewa. A ran nan bai ci Kano ba, bai ci Sakkwato ba, sai a 1903. Wanda ya fito daga bakin teku ya dubi sama da shi ya ce arewa, mu kuwa muka karɓa. Iyakarta ta sama ma ba a nan aka yanka ta ba. A 1898 Ingila da Faransa suka sa tsinin alƙalami a kan Sakkwato a taswira, suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ruwa, sai aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara. Da haka Maraɗi, wadda sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadi, ta faɗa gefe guda, Katsina ta faɗa gefe guda, tafiyar da ba ta fi awa 2 a mota ba. Haka Tsibirin Gobir da Sabon Birni. Yau mutumin Maraɗi yana arewa da mu, amma a ƙasarsu ɗan kudu ne, kadan kuwa zai zo Kano cin kasuwa kudu ya nufa.

Suna a takardar Gwamna ba ya shiga zuciya. Abin da ya shigar da shi jarida ce. A 1932 aka fara buga Jaridar Nijeriya Ta Arewa da Hausa da Larabci da Ingilishi, amma ba ta wuce hannun sarakuna da ma'aikatan En'e ba. Sai a Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta East yana bayansa, kuɗinta kwabo. Ga yaƙin Hitila ya zo, kowa yana ƙishin labari. Mutum ɗaya mai karatu zai zauna a dandali ya karanta wa mutum 20. Ana aika ta har wurin sojanmu da ke Bama. Saboda waɗanda ba su iya boko ba, aka riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami, watau kakar irin wannan takarda da ke hannunku. Abin da ya fi kome aiki a cikinta kuwa shafin wasiƙu ne. A nan malamin makaranta na Bauchi ya ga kukan akawu na Gusau, ya ga ashe ciwonsu ɗaya ne. A nan mutumin Yola ya fara cewa "mu mutanen Arewa" yana nufin har da na Birnin Kabi da bai taɓa gani ba. Ba a daɗe ba maganar ta tashi daga takarda ta zama taro. Aka buɗe majalisa a Kaduna a 1947, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko a 1949, NEPU ta tsaya a Kano a 1950, Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa yana tambaya ko Arewa jumhuriya za ta zama ko mulukiya. Masu goyon bayan sarauta da masu neman sawaba sun saɓa a kan kome, amma ba su saɓa a kan sunan ba.

Jarida ɗaya kuwa ba ta iya magana da baki goma. Tilas aka zaɓi Hausa ɗaya, aka ɗauki ta Kano, domin Kano ce kasuwa, nan jirgin ƙasa ya tsaya tun 1911, harshenta kuma ya bi fatake ko'ina. Amma ku lura da wani abin mamaki. Waɗanda suka gina wannan Hausa a takarda yawancinsu ba Kanawa ba ne. Imam a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu. Wansa Malam Bello, mai Ganɗoki, shi ma mutumin Kagara ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, mutumin Bauchi ne. Maɗaba'ar kuma a Zariya take. Saboda haka Hausar jarida ba ta kowa ba ce tsantsa. Bakano ma da yake ganin tasa ce, a gida guri yake cewa, a takarda ya rubuta wuri. Riga ce aka ɗinka don fita taro, aka auna ta da jikin Bakano, sa'an nan aka ce kowa ya sa. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙara gyara mata wuya da hannu.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi wannan riga. Wallahi ta yi mana rana. Da ita aka yi yaƙi da jahilci, da ita ake rubuta jarrabawa daga Argungu har Mubi. Da ita BBC ta fara magana da mu a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. A bakin 'yan jarida da masu rediyo aka ƙera mana kalmomin da yau muke ji kamar da su aka haife mu, irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, da yaƙin cacar baka, da ƙuri'ar raba gardama, da jirgi mai saukar ungulu. Harsuna nawa ne a Afirka suka sami irin wannan gata? Mai dukan tebur don alfahari da wannan bai yi laifi ba.

Magabatan nan ma sun san riga ɗaya ba ta isa gida ba. A zamanin NORLA, daga 1954 zuwa 1959, kowane lardi sai da aka yi masa 'yar jaridarsa. Sakkwato tana da Zaruma, Katsina Himma, Kano Sodangi, Zariya Bazazzaga, Bauchi Zumunta. Barno aka yi mata da Barbarci, Adamawa da Fillanci, Binuwai da harshen Tibi. Mutum ya ga labarin rijiyar ƙauyensu da kuɗin gyaɗa a kasuwarsu. Da hukumar ta rushe, duk suka bi ta.

Ita kanta Jihar Arewa ba ta yi tsawon rai ba. Aka kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966. Ranar 27 ga Mayu 1967 Janar Gawon ya raba ta jihohi 6, yau sun zama 19. Tun daga ran nan babu wani gwamna, ko baitulmali, ko kotu da ake kira ta Arewa. Amma ku buɗe rediyo gobe da safe ku ƙirga sau nawa za a ambaci sunan kafin a gama labaru. Dattawan Arewa sun ce, gwamnonin Arewa sun gana, matasan Arewa sun yi tir. Ga Gidan Arewa a Kaduna tun 1970, ga ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa tun 2000, ga tashar Arewa24 tun 2014, ga masu shayi da masu ɗinki da masu sayar da waya, kowa ya rubuta Arewa a allon shagonsa. Ƙasar da aka share daga taswira yau fiye da shekara 50, labaru ne suke riƙe da ranta. Shi ya sa na ce duk mai son ya san irin Arewar da muke da ita, ya saurari bakin da take magana da shi.

Abu na farko da zai ji shi ne an dunƙule mu kamar curin fura. Abu ya faru a Gwoza, a ce ya faru a Arewa. Ya faru a Yawuri, a ce a Arewa. Ku ɗauki zare ku auna a taswira, za ku tarar daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya fi daga Sakkwato zuwa Ikko nisa. Jaridun kudu sun daɗe suna yi mana haka, muna jin haushi, alhali mu ma a bakinmu haka muke yi. Sunan da ya yi faɗi da yawa ba ya nuna gidan kowa. Kadan an ce Arewa tana cikin wahala, kowa sai ya girgiza kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Kadan kuwa an ce ƙauye kaza a gundumar kaza bana ba su yi shuka ba, sai a sami wanda ke da gwaggo a can.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, shi ne kuma dalilin tsayuwata. Ku gaya mini, a ina ake jin Sakkwatanci da Zamfarci da Gobirci yau a rediyo da talabijin? Ni wurare uku na sani. Na farko a bakin makaɗa. Kadan aka sa Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, ko Sa'idu Faru, ko Ɗan Anace, sai ka ga Bakano ya lumshe ido yana cewa Hausa ke nan, har yana neman wanda zai warware masa kalmomin. Na biyu a finafinan da ake yi tun 1990. Kadan ana son a nuna baƙauye wanda bai san yadda ake buɗe ƙofar mota ba, sai a sa masa hwa da shina a baki, jama'a su yi ta dariya. Na uku kuwa a cikin labaru ne, amma ba daga bakin mai karantawa ba. Tun wajen 2011 da ɓarayin daji suka addabi Zamfara, sa'an nan abin ya watsu Katsina da Sakkwato da Kabi da Neja, sai mai labaru ya karanta da Hausar jarida, a tsanake, mutum kaza aka kashe, shanu kaza aka kora. Sa'an nan a saka muryar wani dattijo ta waya, yana faɗin yadda sunka taho da dare bisa babura. Daƙiƙa 20 a yanke shi, mai sharhi daga Abuja ko Kaduna ya karɓa ya bayyana mana ma'anar abin da ya faru. Haka muka ji lokacin da aka kwashe yaran Ƙanƙara a Disambar 2020, haka lokacin 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021.

To, ku duba. Harshe guda an yarda ya yi waƙa, an yarda ya ba da dariya, an yarda ya yi kuka, amma ba a yarda ya yi bayani ba. Yaron da ya tashi yana jin haka kullum, me zai ɗauka game da masu wannan harshe? Zai ɗauka mutane ne na nesa, abin tausayi ko abin dariya, waɗanda ake magana a kansu, ba waɗanda ake tambaya shawara ba. A ganina wannan yana cikin abin da ya sa wutar ta daɗe tana ci a ƙauyukan yamma kafin manyan birane su ji zafinta. Dattijon nan da aka yanke wa magana ya fi mai sharhi sanin dajin, ya san burtalin da aka nome, ya san ranar da rigimar ta fara, da kan gonar wa.

Akwai kuma waɗanda muke yi wa abin da ya fi wannan. Cikin jihohin nan 19 akwai Barebari da Nufawa da Tibi da Birom da Igala da Bacama da Yarabawan Ilori da ɗaruruwan ƙabilu, da yawansu sun ɗauki Hausa bisa harshen iyayensu, suna ciniki da ita, suna wa'azi da ita a masallaci da coci. Ranar zaɓe muna ƙirga su, mu ce Arewa ɗaya al'umma ɗaya. Ranar kasuwa kuwa, kadan ɗayansu ya ce mota ne, ko ya kasa ƙa da ɗa, sai mu ce yana gwaranci. Ku auna kalmar nan. Sunan ƙabila guda muka ɗauka muka mai da shi sunan kuskure. Alhali a cikin Zazzau da Bauchi, da yawa ba sa raba namiji da mace a magana, matar mutum ɗaya sai su ce matan Audu, ba kuwa koyo suka yi ba, haka suka gada. Na san akwai wasa tsakanin Kanawa da Zagezagi, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, da Fulani da Barebari. Wannan daban ne, gama a wasan taubasai kowa yana ramawa. Yaron ajina bai sami bakin ramawa ba.

Sa'an nan ga 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka. Mutumin Damagaram ko Tawa kadan ya ce ɗansa yana lakkwal wurin mushe, ko an tsare shi a duwan, ko ya biya jika biyar, sai namu su yi murmushi, su ce Faransanci ya ɓata musu Hausa. Mu da muke zuwa asibiti a mota, mu biya kwastan, mu kai ƙara kotu wurin lauya, wa ya ɓata mana tamu? Kowa Baturensa ya ara wa. A watan Maris 2025 hukumar Nijar ta rubuta cikin kundinta cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mu nan da muke ganin mu ne masu harshe, ba mu kai ga haka ba. A zangunan Kumasi da Ankara kuma akwai Gananci, wanda jikokin fataken goro suka riƙe, ƙasar da Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, ya zauna yana rubuta waƙoƙi da ajami har ya rasu a 1934. A bakin Kogin Nilu a Sudan akwai Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da waɗanda suka tsira daga Burmi. Duk waɗannan kalmar Arewa ba ta ɗauke su, Hausa kuwa ta ɗauke su.

Na ga wani malami yana motsi, na san abin da zai ce. Zai ce, kadan kowa ya rubuta yadda ake faɗi a garinsu, wannan ya rubuta biyar, wancan biyat, wancan biyal, ina za a sami littafin makaranta? Gaskiyarka, Allah Ya gafarta malam. Littafin makaranta da takardar hukuma da kanun labaru, a bar su da Hausa ɗaya, ban ce a taɓa ba. Amma malam ya fi ni sanin cewa malaman nahawu, da suka tsayar da Larabci, ba su zubar da luggogin ƙabilu ba. Har yau almajiri yana karanta cewa mutanen Hijaz suna sa "ma" ta yi aikin "laisa", Banu Tamim kuwa ba sa sa ta, ba kuwa wanda ya ce Tamimawa ƙauyawa ne. An rubuta duka biyu, an ba kowace sunan masu ita. Bature ma ya gane wannan. Bargery, da ya fitar da ƙamusunsa a 1934, sai da ya zaga ƙasa yana tambaya, ya sa alama a gaban kalmomi, wannan ta Katsina ce, wannan ta Sakkwato, wannan ta Daura. Yau a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ana ba mutum digiri a kan karin harshe, alhali a firamaren da ke bayan katangar jami'ar ana yi wa yaro dariya a kansa. Kowace shekara tun 2015, ranar 26 ga Agusta, muna sa manyan riguna muna bikin Ranar Hausa, muna jera karin magana a intanet. Ina so in ga shekarar da za a ba tsohuwa daga Illela ko Tasawa lasifika ta yi jawabin buɗe taro da bakinta.

Yanzu bari in zo kan abin da ke hannunmu, gama ba mu da iko da gidan rediyon kowa. Muna da wannan takarda, da ajami kuwa ake buga ta. Ajami bai taɓa samun hukumar da ta ce ga yadda za a rubuta ba. Wasu suna ganin wannan aibi ne, a wani wurin kuwa aibin ne, amma yana da fa'ida guda: malami yakan rubuta abin da kunnensa ya ji. Shi ya sa kadan aka miƙa maka tsohuwar takarda, kafin ka kai ƙarshen shafi ka san ko daga Gwandu ta fito ko daga Zazzau. Har ma yana nuna jan wasali, abin da boko ya yar. A boko, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya ne, a ajami kuwa alif ya raba su.

Saboda haka ga abin da na roƙi shugaba da masu buga takarda, sun kuwa amsa mini kafin in hau nan. Daga fitowa ta gaba za a keɓe rabin shafi na baya don wasiƙun garuruwa. Wanda ke Talatar Mafara ya rubuto da Hausar Mafara, na Azare da ta Azare, na Maraɗi da ta Maraɗi, wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce ya rubuto da irin tasa. Magatakarda ba zai mai da munka ta koma muka ba, ba zai mai da gujiya ta koma gyaɗa ba. Abin da zai gyara kurum shi ne baƙin da ya ɓace ko wasalin da ya kauce. Kadan kalma ta yi wuya, sai a sa ma'anarta a gefe da ƙaramin rubutu, kamar yadda ake yi wa littattafan zaure. Ba ma son yabon gari, kirari ya ishe mu. A rubuto mana nawa ake sayar da tiyar gero ran kasuwa, wace hanya ce ba ta biyuwa bayan la'asar, makarantar gari malami nawa ne a cikinta, rijiya nawa ke da ruwa a watan bazara. A sa sunan gari da gunduma. Wanda ke tsoron sa sunansa saboda halin da ake ciki, ya gaya wa magatakarda, za a ɓoye. Wanda bai iya rubutu ba ya sami almajiri ya yi masa shifta, da sharaɗin almajirin ya rubuta abin da aka faɗa masa, kada ya gyara wa dattijo baki.

Wasiƙa ta farko tana aljihuna. Yaron nan na ajina ne ya aiko ta, yanzu magidanci ne, yana aikin jinya a garinsu. Na nemi gafararsa tun da daɗewa, ya ce ya yafe. Da na gaya masa abin da muke shiri, ya ce zai gwada, amma sai da ya tafi wurin innarsa ya zauna kwana 2 yana saurare kafin hannunsa ya saki. Zancen ƙarancin maganin cizon maciji ne a lokacin girbi. Zan miƙa wa magatakarda ita yanzu, ku kuwa masu tambaya ga ni, sai dai a yi haƙuri a fara da dattawa.